Surukina ya ce Jojiya ba ta karɓar harajin tsofaffi, Hajiya kuma ta ce ba inda za ta

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne ɗan shekara 66, mutumin Kano, amma shekarata talatin da ɗaya ke nan a unguwar Bronx ta birnin New York. Na yi aiki a wani kamfani mai zaman kansa, na yi ritaya shekara uku da suka wuce. Abin da ke shigo mini a shekara shi ne soshal (Social Security, kuɗin tsufa na gwamnatin tarayyar Amurka) dala 24,000, fanshon ƙungiyar ma'aikata dala 18,000, sai dala 12,000 da nake cira daga asusun ajiyar ritaya na 401k. Maiɗakina shekararta 60, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, tana samun kamar dala 32,000, kuma inshorar lafiyarta ta wurin aikin take. Tun 1999 muke gidan haya ɗaya, irin wanda hukuma ke ƙayyade ƙarin kuɗinsa.

'Yarmu ta fari tana aure a gefen Atlanta ta jihar Jojiya, da jikoki uku. Mijinta ya ce mini a Jojiya dattijo ba ya biyan haraji ko sisi har dala 65,000, mu biyu 130,000 ke nan, New York kuwa tatsar mu kawai take. Na ce wa Hajiya mu tattara mu koma, ta ce ba inda za ta, in don kuɗi ne in tafi ni kaɗai. Yau wata biyu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Ni ina ganin asara muke tafkawa duk shekara. Takardun harajinmu wani yaro ne ke cika mana a shagonsa, sa hannu kawai nake yi. Ina kuma da gidan da na gina a Kano, wani lokaci sai in ji kamar can ya kamata in nufa. Ina mafita?

Alhaji, daga Bronx

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka ci moriyar gumin da ka zubar. Na ji daɗi da ka aiko da lambobin ba ka ɓoye ba, domin da su za mu yi aiki. Yawancin masu rubuto irin wannan wasiƙa suna ba da labarin rigimar ne su bar kuɗin, alhali rigimar taku a kan wani adadi ake yin ta da ku duka ba wanda ya zauna ya lissafa shi.

Surukinka bai yi maka ƙarya ba. Jojiya tana tsame kuɗin ritaya daga haraji har dala 35,000 ga wanda yake tsakanin shekara 62 da 64, da dala 65,000 ga wanda ya kai 65, kuma ba ta taɓa soshal. Wannan rangwame yana cikin mafi girma a Amurka, shi ya sa maganarsa ke yawo a bakin mutane. Inda ya yi tuntuɓe shi ne 130,000 ɗin. Rangwamen na kowane mutum ne a kan kuɗin ritayarsa na kansa. Hajiya ba ta kai 62 ba, saboda haka ba ta da ko dala ɗaya a ciki tukuna, kuma ko ta kai, albashi ba kuɗin ritaya ba ne, ɗan kaso kaɗan ne daga cikinsa ake bari ya shiga. Kai ma ba za ka iya ara mata ragowar naka ba. Sannan 65,000 ba kuɗi ba ne da jihar za ta miƙo maka. Iyaka ce kawai. Kai kuɗin ritayarka da ake wa haraji dala 30,000 ne, fansho da 401k, to 30,000 ɗin kawai za ka mora. Sauran 35,000 riga ce da ta fi ƙarfinka, ba ta ƙara maka komai.

Abin da surukin bai faɗa maka ba, wataƙila don shi ma bai sani ba, shi ne New York tana da nata. Ita ma ba ta karɓar haraji a kan soshal, ko sisi. Duk wanda ya kai shekara 59 da rabi tana yafe masa dala 20,000 na farko daga fansho mai zaman kansa ko abin da ya cira daga asusun ritaya. Da a ce fanshonka na gwamnatin jihar ne, ko na birnin, ko na tarayya, da dukkansa aka yafe komai yawansa, amma tunda kamfani ka yi wa aiki, 20,000 ɗin ne naka. Harajin birnin New York kuma a kan lissafin jihar yake hawa, saboda haka abin da jiha ta yafe birni ma ya yafe.

Yanzu ɗauko biro. Soshal 24,000, ka ture shi gefe, ba ruwan jiha da shi a nan ko can. Fansho 18,000 da 401k 12,000 sun zama 30,000. Cire 20,000, saura 10,000. Haɗa da albashin Hajiya 32,000, ya zama 42,000. New York tana cire wa ma'auratan da suka cika takarda ɗaya dala 16,050 kafin ta fara lissafi, saura ƙasa da 26,000 kaɗan. A wannan mataki jiha tana karɓar wajen kashi 4 zuwa 5 da ɗoriya cikin ɗari, birni kuma kashi 3 zuwa kusan 4. In ka haɗa su, abin da ya kamata gidanku ya biya jiha da birni a shekara bai kai dala 2,000 ba. A cikinsa ma, abin da ya hau kan kuɗin ritayarka bai kai 1,000 ba, sauran na albashin Hajiya ne. Lissafin kan tebur ne wannan, ƙwararre zai iya ɗaga shi ko ya sauke shi da 'yan ɗaruruwa, amma ba zai mai da shi dubu goma ba.

To ka ga, ko da Jojiya ta ce ba ta son ko kwabo daga gare ku, iyakar abin da za ku tsira da shi ke nan, ƙasa da dala 170 a wata. Kuma ba haka za ta ce ba, domin in Hajiya ta sami aiki a can, za a yi wa albashinta harajin jihar na wajen kashi 5 cikin ɗari, bayan an cire muku kason ma'aurata na can.

Na san abin da za ka ce: ai ni abin da nake gani ana cira ya fi haka nesa. Gaskiya ne, kuma dalilai biyu ne za su iya jawo shi. Na farko, babban mai cin kuɗinku gwamnatin tarayya ce, ita kuwa ko Bronx kake, ko Atlanta, ko Texas da Florida da ba su da harajin kuɗin shiga na jiha kwata-kwata, hannunta yana cikin aljihunka. Fansho da 401k a wurinta kamar albashi suke. Soshal ma ba ta ƙyale shi ba: ana haɗa sauran kuɗin shigan ma'aurata da rabin soshal, in ya haura dala 32,000 a fara taɓa shi, in ya haura 44,000 har kashi 85 cikin ɗari nasa zai iya shiga cikin abin da ake wa haraji. Naku ya kai 74,000 a wannan ma'auni. Ƙaura ba ta rage wannan da ko anini. Abin da zai ɗan rage shi shi ne sabon sassaucin dala 6,000 da dokar tarayya ta 2025 ta ba waɗanda suka kai 65, daga shekarar haraji ta 2025 zuwa 2028. Da irin kuɗin da kuke samu ka cancance shi in kun cika takarda ɗaya, kuma a duk jihar da kake zaune zai same ka.

Dalili na biyu shi ne wanda ya tsaya mini a rai tun da na karanta wasiƙarka, wato wannan "sa hannu kawai nake yi". Alhaji, yau da daddare ka buɗe jakar takardunku, ka zaro kofin takardar harajin jiha, wadda aka rubuta IT-201 a samanta. A sashen abubuwan da New York ke cirewa, ka duba layi na 27, nan ake cire soshal, sannan layi na 29, nan ake rubuta rangwamen fansho. A layi na 29 ya kamata ka ga 20,000. In ka gan shi, alhamdu lillahi, yaron ya yi aikinsa, kuma lissafin da na yi maka a sama shi ne halin da kuke ciki. In kuwa ka tarar da wurin fayau, to a nan asarar da kake ji a jikinka take, domin haraji a kan wannan 20,000 ya kusa dala 1,800 a shekara a matakinku. Ya kai duk abin da kake hange a Jojiya, kuma ba sai ka ɗaga ko tabarma ba za ka same shi.

Ban ce ya yi kuskuren ba, don ban ga takardar ba. Na dai san ana yi, musamman a shagunan da ke cika wa ɗaruruwan mutane takarda cikin wata biyu, yawancinsu matasa masu albashi da direbobin tasi, ba masu fansho ba. Ranar haihuwa ta shiga ba daidai ba, ko a shigar da takardar 1099-R, mai nuna kuɗin ritayar da mutum ya karɓa, ba tare da an nuna irin fanshon ba, shi ke nan kwamfuta ta wuce abinta. Idan hakan ta faru, kuɗin bai mutu ba. Ana gyara takardar da fom IT-201-X, kuma a ƙa'ida kana da shekara uku daga ranar da aka shigar da ta asali. Tunda shekara uku ke nan da ritayarka, ta farkon tana bakin ƙofa, kada ka bari ta fita. Kuma ka je wa yaron da lalama. Ka ce ka ga wani abu ne kana son ya duba maka. In ya gyara, madalla. In ya fara kame-kame, ko ka lura ba ya sa sunansa da lambarsa ta masu cika haraji a ƙasan takardar, wanda doka ta wajabta wa duk mai karɓar kuɗi a kan wannan aiki, ka karɓi kofin takardunka ka canza wuri ba tare da hayaniya ba. Akwai masu yi kyauta: shirin TCE na hukumar harajin tarayya IRS don waɗanda suka kai 60 aka yi shi, haka Tax-Aide na ƙungiyar dattawa ta AARP, suna zama a laburare da cibiyoyin dattawa daga Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu, kuma takardun masu fansho su ne abincinsu na kullum.

Akwai ma wata 'yar dabara da ke hannunka. Wannan 10,000 da ya haura iyaka daga 401k yake fitowa, kuma kai ke yanke nawa za ka cira. Doka ba ta tilasta maka fara cira sai ka kai 73, ko 75 in daga 1960 aka haife ka. Idan a cikin 12,000 ɗin akwai wanda ba don cefane da haya kake cira ba, misali na hidimar gida Kano ko wanda ke kwana a banki, rage shi zai rage harajin jiha da na tarayya gaba ɗaya. Wannan kam sai ka zauna da wanda zai ga dukkan takardunka, domin abin da ka bari yanzu za ka cira gaba.

Mu koma kan Hajiya, don na ga a wasiƙar layi ɗaya ka ba ta, na ƙin tafiya. Ka tsaya a inda take tsaye ka duba. Kai kana da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, tunda ka wuce 65, duk inda ka je a Amurka yana biye da kai. Ita saura mata shekara biyar, kuma abin da ke rufe ta a wannan tsakani shi ne aikin da kake cewa ta bari. Inshorar da mace 'yar shekara 60 za ta saya da kuɗinta tana da tsada, kuma Jojiya tana cikin jihohin da ba su faɗaɗa Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, gaba ɗaya ba kamar yadda New York ta yi. Sai albashi. Mafi ƙarancin albashi a birnin New York dala 16.50 ne a awa a 2025, masu kula da tsofaffi a gida ma nasu ya ɗara haka, a Jojiya kuwa na tarayya ake bi, dala 7.25. Ba wai shi za a biya ta ba, amma ka ga daga inda ciniki ke farawa. In albashinta ya sauka da dala 3 kacal a awa, a shekara ta rasa fiye da ninkin abin da kake son ka tsirar. Kuma waɗannan shekarun ƙarshe na aiki suna shiga lissafin nata soshal ɗin, wanda za ta ci har ƙarshen rayuwa.

Wannan na kuɗi ne. Sauran kuwa ba ya shiga fom. Shekara ashirin da wani abu a bene ɗaya, ta san wadda za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare, ta san shagon da ake samun daddawa da kuka, ta san matan da suke adashi da waɗanda suke haɗuwa a suna da ta'aziyya, tana hawa jirgin ƙasa ta je inda take so ba ta roƙi kowa ba. A unguwannin gefen Atlanta in ba ka tuƙi, zaman gida ya same ka, sai wanda ya ga dama ya fitar da kai. Ban sani ba ko tana tuƙi. In ba ta yi, abin da ta ji a maganarka shi ne ta ajiye aikinta da 'yancinta ta je ta zauna a gidan suruki tana raino. Kuma ka san yadda zama a gidan suruki yake a wurinmu, ko da surukin na kirki ne. Da ta ce in don kuɗi ne ka tafi kai kaɗai, ni ban ji kora a ciki ba. Na ji mace ce da aka yanke shawara a kan rayuwarta da wani, aka zo aka sanar da ita, aka kuma ce dalilin dala ne.

Gidan hayar nan ma kada ka raina shi. Gidan da aka ƙayyade ƙarin kuɗinsa, kuna ciki tun 1999, dukiya ce a New York ko da ba sunanka ne a kan ginin ba. Ranar da ka miƙa makulli ya tafi ke nan. In Atlanta ba ta karɓe ku ba kuka ce za ku dawo bayan shekara biyu, a farashin kasuwa za ku nemi wuri, in ma kun samu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki. A can kuma akwai mota, da inshorarta, da mai, da gyara, abubuwan da yanzu ba ka biya, ga shi kana shiga jirgi da bas a rabin kuɗi saboda shekarunka. Inshorar mota kaɗai za ta iya lashe ribar harajin.

Kada ka ɗauka ina kushe Jojiya ne. Akwai dattawan da lissafin ke yi musu kyau sosai: wanda ke cirar 60,000 ko fiye daga asusunsa duk shekara, ko wanda ya mallaki gida a New York zai sayar ya sayi wani can da rabin kuɗin, ya kuma mori sassaucin harajin gida da wasu ƙananan hukumomi ke yi wa tsofaffi, kamar Cobb ta gefen Atlanta da ke ɗauke wa waɗanda suka kai 62 kason makarantu. Dokar tarayya ta 1996 ta kuma hana jiha bin fanshon wanda ya bar ta, saboda haka wanda ya ƙaura da gaske New York ba ta da hannu a fanshonsa ko da a can ya yi aikin. Su waɗannan suna da dalilin kuɗi. Kai lambobinka ba su ba ka shi ba, a yanzu dai.

Game da tafiya kai kaɗai, ko a takarda ba ta ɓullewa cikin sauƙi. New York ta yi suna wajen bin diddigin masu cewa sun ƙaura. Wanda ya ce ya canza mazauni shi ke da nauyin kawo hujja, kuma abin da suke dubawa shi ne ina iyalinka, ina likitanka, ina kayanka masu daraja a wurinka, ina kake kwana. Ko ka karɓi lasisin tuƙi na Jojiya, muddin kana da gidan da kake sauka a Bronx kuma ka yi fiye da kwana 183 a jihar cikin shekara, ɗan jiha ne kai a wurinsu, kuma ko yini ka yi rabi an ƙirga shi kwana. Da matarka a Bronx da sunanka a takardar haya, wahala kawai za ka saya. Kada kuma wani ya ba ka shawarar ka rubuta adireshin 'yarka alhali kana nan zaune. Ƙarya ce a takardar hukuma, tararta ta fi harajin, kuma ba girmanka ba ne.

Yanzu bari in faɗi abin da nake zato, in na yi kuskure ka yafe ni. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sa hannu bai taɓa duba layi ɗaya ba, ba haraji ne ke hana shi barci ba. Ka yi ritaya, Hajiya tana fita da safe ta dawo a gajiye, kai kana gida daga masallaci sai talabijin, sanyin Janairu yana shiga gwiwa, jikoki uku suna girma a waya. Surukinka ya kawo maganar 65,000, sai ta zama hujjar da namiji zai iya faɗa da ƙarfinsa, domin "muna asara" ya fi sauƙin fita daga bakin dattijo a kan "kaɗaici ya dame ni". Gidan Kano da ka ambata a ƙarshe shi ya ƙara tabbatar mini. Wanda ke neman sauƙin haraji ba ya haɗa Atlanta da Kano a numfashi ɗaya. Wanda ke neman mutane ne ke yin haka. Kuma wannan buƙata ce ta gaskiya, ba abin kunya ba ce, ta ma fi ta harajin nauyi. Ita ya kamata ka kai wa Hajiya.

Tunda Kano ta shigo, in taɓa ta a gurguje. In kana da takardar zama ɗan ƙasa, soshal ɗinka zai ci gaba da zuwa kana can, harajin tarayya ma zai ci gaba, domin Amurka tana bin 'yan ƙasarta duk inda suke, kuma ba ta da yarjejeniyar haraji da Najeriya. In katin zama kawai gare ka, maganar ta canza: doguwar tafiya tana iya jefa katin cikin haɗari, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba ana iya tsayar masa da soshal bayan wata shida a waje, saboda haka sai ka tambayi ofishin soshal kafin ka sayi tikiti. Medicare kuwa ba ya biyan asibitin Kano. Zuwa wata biyu ko uku lokacin sanyi abu ne mai kyau. Tattarawa gaba ɗaya magana ce ta wata rana, kuma ita ma da Hajiya za a yi ta.

Surukinka da 'yarka ka yi musu kyakkyawan zato. Suna son ku kusa, wataƙila kuma suna buƙatar hannu a kan yara, duka biyun ba laifi ba ne. Amma ka tambaye su dalla-dalla, kai da 'yarka ba da shi kaɗai ba: a ina za mu zauna, a gidanku ko namu? Nawa hayar ɗaki biyu a unguwarku? Wa zai kai mu asibiti da Juma'a? Me kuke sa ran mahaifiyarku za ta riƙa yi? Amsoshin za su nuna maka ko sun yi tunanin abin har ƙarshe ko kuwa fata ne kawai. Kuma ka roƙe shi cikin raha ya daina aiko da lissafin haraji, don ya zama makami a gidanku ba da nufinsa ba.

Shawarata ita ce kada ku saki gidan, kada Hajiya ta bar aiki, kai kuma ka je ka ɗanɗana. Ka yi wata ɗaya ko biyu a Atlanta a tsakiyar sanyi, kana nan a matsayinka na mazaunin New York, ba abin da ya canza a takarda. Ka kai yara makaranta, ka ga nisan masallaci, ka ga yadda yini yake in kowa ya fita aiki ya bar ka a gidan da ba naka ba. Gani ya kori ji. Hajiya ta biyo ka na mako ɗaya in ta sami hutu, a matsayin baƙuwa, ba wadda aka kawo duba sabon gida ba. Sannan ku ajiye magana cewa za a sake buɗe zancen ƙaura idan ta kai 65. A lokacin tana da Medicare, ta ajiye aiki ko tana dab da haka, in tana da nata asusun ritaya rangwamen kowace jiha ya shafe ta, kai kuma ka kusa shekarun da dole ka ƙara abin da kake cira. Lissafin zai canza, mai yiwuwa ma ya karkata Jojiya. Dokokin jihohin ma suna motsi kusan duk shekara, sai a sake duba lambobin a ranar. In kuwa zaman ya gagare ka kafin nan, akwai tsaka-tsaki: ka riƙa raba shekara, kaso mafi yawa a gida, sauran tsakanin jikoki da Kano.

Amma kafin duk wannan akwai wata biyun nan na gaisuwa kawai, kuma kai za ka fara, don kai ka kawo maganar. Kada ka je mata da takardar lissafi, ko da yake yanzu lissafin yana bayanta. Ka bari ta dawo ta ci abinci ta huta, ka ce mata ka bincika ka gano kuɗin ba su kai yadda aka faɗa maka ba, kuma ka yi kuskure da ka yanke magana da suruki kafin ita. Daga nan ka faɗa mata ainihin abin, cewa gidan yana yi maka faɗi in ta fita, kuma kana kewar yaran. Sai ka yi shiru ka bar ta ta yi magana, ko da abin da za ta fara fitarwa mai zafi ne. Idan kun gama, ka ce ta ɗauko jakar takardun ku duba layi na 29 tare, tunda sunanta ma yana kan takardar. Ka rubuto ka gaya mini abin da kuka tarar a wurin.